Ɗiyata ba ta magana sai da ido: in sayar da gwal ɗina in saya mata kwamfutar da ake sarrafawa da kallo?

Tambaya:

Assalamu alaikum Anti. Ni uwa ce daga Mabera, cikin garin Sakkwato. Ɗiyata ta uku shekararta 7. Kwana uku da haihuwarta shawara ta kama ta, idonta da jikinta suka yi ɗorawa, ba mu kai ta asibiti ba sai bayan suna. Daga baya likitoci suka ce shawarar ta taɓa ƙwaƙwalwa, suka rubuta CP a katinta. Ba ta zama da kanta, ba ta riƙe cokali, in ta yi niyyar kai hannu wani wuri sai shi murɗe, kuma ba ta magana. Amma wallahi Anti tana gane komi. In na ce ina Babanki, sai ta juya ido wajen ƙofa. In yayyenta na gardama, ita ka fara dariya. Na ga bidiyo a Facebook, wani yaro irinta a Turai shina rubutu a kwamfuta da ido kawai. Wani mai shigo da kaya ya ce zai kawo min irinta kan naira miliyan biyu da ɗoriya. Ina son in sai da gwal ɗina na gado. Maigidana ya ce asarar kuɗi ce, uwar mijina ta ce a bar wa Allah, aikin iska ne. Mi kika gani?

Amsa:

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba ki ladan wannan jinya, ya ƙara miki ƙarfin zuciya.

Abin da kika gani a bidiyon nan gaskiya ne, ba haɗi ba ne. Akwai yara masu larurar shanyewar ƙwaƙwalwa, wato CP ɗin da aka rubuta a katinta, da suke magana, suke karatu, suke rubutu da idanunsu, kuma yara irin ɗiyarki, waɗanda shawarar jarirai ta jawo musu larurar, suna cikin waɗanda aka fi sa rai da su. Shawara ta fi yi wa sassan da ke sarrafa motsi illa, sau da yawa kuma takan bar fahimta lafiya lau. Don haka na yarda da ke da kika ce tana gane komai. Duk da haka, ba na son ki kai gwal ɗin nan kasuwa yanzu. Akwai aikin da ya kamata ya riga saye, yawancinsa ba ya cin kuɗi, kuma shi ne zai nuna miki ko na'urar za ta yi mata amfani ko za ta ƙare a cikin kwali a saman wadrob.

Bari in fara da yadda take aiki, don idan kin gane wannan, sauran maganar za ta zo miki da sauƙi. Wata 'yar sanda ce siririya, ba ta kai santimita 30 ba, ana manna ta a ƙasan fuskar kwamfuta. Tana fitar da wani haske da idon mutum ba ya gani, ana kiransa infirared. Hasken nan yana sauka a saman ƙwayar ido ya yi ɗan ƙyalli, kyamarar da ke cikin sandar kuma tana ɗaukar hoton idon sau da yawa a kowane sakan, tana auna tazarar da ke tsakanin ƙyallin da baƙin tsakiyar ido. Da wannan lissafin take gane inda mutum yake kallo. Kafin a fara, sai an yi saiti: wani ɗigo ko ɗan hoto zai rinƙa bayyana a wurare daban-daban, biyu ko biyar ko tara, yaro yana bin sa da ido. Bayan nan, idan ya ƙura wa hoto ido na kamar sakan ɗaya, kwamfuta ta ɗauka ya danna shi, sai ta faɗi kalmar da ke ƙarƙashinsa. Kamfanin da ya fi suna a wannan fanni shi ne Tobii na ƙasar Suwidin, wanda aka kafa a 2001.

Kin ga ke nan na'urar ba ta san abin da ke zuciyar yarinya ba. Inda ido ya tsaya kawai ta sani. Lasifikar masallaci ba ta kiran salla, sai da ladan. Dole yarinya ta iya gani sosai, ta iya kai idonta inda take so ta tsayar da shi, ta kuma gane cewa kallonta yana sa wani abu ya faru. Wannan na ƙarshe koyon sa ake yi, kuma yana ɗaukar lokaci. Wata mai bincike a Suwidin, Maria Borgestig, ta bibiyi yara 10 masu nakasa mai tsanani, kusan dukansu masu CP, waɗanda aka ba irin wannan na'ura. Sai bayan wata 5 saurinsu ya ƙaru, kuma sai tsakanin wata 15 zuwa 20 aka ga sun ƙara dacewa da abin da suke nufi. A can ne fa, inda wuta ba ta ɗaukewa kuma ga ƙwararru suna bin su har gida da makaranta. Yaron da kika gani a bidiyo, ƙarshen tafiyarsa aka nuna miki, ba a nuna miki farkonta ba.

Abu na farko, a duba idonta da kunnenta. Ki je Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ki roƙi likitan yara ya tura ku sashen ido da sashen kunne. Matsalar gani ta yi yawa a cikin masu wannan larura: wani harara-garke, wani idonsa na rawa, wani yana buƙatar tabarau ba a sani ba, wani kuma idon lafiya yake amma ƙwaƙwalwa ba ta fassara abin da ya gani yadda ya kamata. Sannan akwai abubuwa biyu da suka shafi ɗiyarki kai tsaye. Yaran da shawara ta taɓa sukan sha wahalar ɗaga ido sama, kuma sukan sami raunin ji, irin wanda yaro yana jin sauti amma kalmomi na cakuɗe masa. Ki gwada yau da kanki: riƙe abin da take so daidai fuskarta, ki ɗaga shi sama a hankali, ki lura ko idon ne ke bin sa ko kuwa duka kan take jefawa baya. Idan kallon sama na ba ta wuya, ba ƙarshen magana ba ne. Yana nufin duk abin da za a jera mata, a allo ko a kwamfuta, a jera shi hagu da dama da ƙasa. Mai shigo da kaya ba zai faɗa miki wannan ba, don bai sani ba. In kuma tana da farfaɗiya, ki sanar da likita niyyarki tun yanzu, domin masu ƙera na'urorin da kansu suna gargaɗi game da masu farfaɗiyar da haske ke tayarwa.

Na biyu, zama. Yaron da ke kokawa da wuyansa ba shi da sauran ƙarfin da zai sarrafa idonsa. Na'urar tana son fuska ta kasance kimanin santimita 60 daga gare ta, wato kamu guda da 'yan yatsu, kuma ko da yake na zamani suna jure motsin kai, suna da iyaka. Ki tambayi masu gashin ƙashi da kuke zuwa wurinsu su zana miki kujerar da ta dace da jikinta, ki kai wa kafinta. Ƙugu ya shige ciki sosai, ƙafafu su taka wani abu kada su yi reto, a tallafe ƙirji da gefen kai. Kujerar katako da soso da ɗamarar zane, idan an auna ta daidai, za ta canza yadda take kallo, har da yadda take haɗiyar abinci.

Na uku shi ne wanda na fi so ki ba ƙarfi, kuma gobe da safe za ki iya fara shi. Ki zaunar da ita a kujerarta, ki durƙusa idonki ya yi daidai da nata. Kofin kunu a hannun dama, kwanon fura a hannun hagu, ki ware hannuwan sosai. Ki ce, “Ga kunu,” ki ɗan girgiza shi ta gani. “Ga fura.” Sannan ki ce, “Wanne kike so?” ki yi shiru. Shirun nan shi ne abin da ya fi wuya. Mu iyaye mun saba amsa wa irin waɗannan yara kafin su buɗe ido, saboda tausayi da kuma sauri. Ki ƙirga har goma a zuci. Za ki ga jikinta ya fara sanƙarewa, hannu ya murɗe, kai ya karkata, saboda ƙoƙari ne take yi. Ki ƙyale ta. Idan idon ya sauka kan kunu ya tsaya, ki ce, “Kin kalli kunu, kunu kike so,” ki ba ta kunun nan take. Ko da kin san fura ta fi so, ba ta abin da ta kalla. Ta haka za ta gane cewa idonta yana da iko, kuma kuskure yana da sakamako. Gaba kaɗan ki koya mata ta kalli abin sannan ta dawo da ido kanki, don ki bambance kallon sha'awa da kallon zaɓi. Ki rinƙa sauya hannu, kada kunu ya zama kullum yana dama.

Idan wannan ya zauna, sai a koma hotuna. Ki ɗauki hoton kofinta na gaske, da tabarmarta, da Babanta, da Kakarta, da ƙofar gida, a wanke miki su a shagon hoto. Ki samo faffaɗan kwali, ko roba mai garai-garai in da hali, ki yanke taga a tsakiya yadda fuskarki za ta leƙo, ki manna hotunan a gefe-gefe nesa da juna. Kina kallonta ta tagar, za ki ga sarai inda idonta ya nufa. Turawa na kiran wannan allo E-Tran, kuma har a ƙasashen da na'ura ta wadata ba su daina amfani da shi ba. Ki fara da hoto biyu, ki koma huɗu, ki kai shida.

Kada allon ya zama na abinci da bayan gida kawai. Yarinya mai shekara 7 da ke dariyar gardamar yayyenta tana da abin cewa fiye da yunwa. Ki sa mata “a'a”, da “ƙara”, da “ya isa”, da “ciwo”, da “bar ni”, da “waje”, da “karatu”. Ki sa wani hoto da ke nufin “abin da nake so ba ya cikin nan”, domin babu abin da ke karya zuciyar yaro irin a tilasta masa zaɓi tsakanin abubuwa biyu da ba ya so. Ku kuma tsayar da alama ɗaya ta “e” da ɗaya ta “a'a” wadda duk gidan zai sani, har almajirin da ke yi muku aike. Minti goma sau biyu ko uku a yini ya isa, lokacin da take a ƙoshe ba ta jin barci. Ido yana gajiya.

Daga nan ki shigo da haruffa. Mutane da yawa suna tsayawa a hotuna, alhali hoto yana faɗin abin da wani ya zaɓa mata ne kawai, harafi kuwa zai ba ta damar faɗin abin da babu wanda ya yi tsammani. In yayyenta suna bitar karatun boko ko na Islamiyya, a jawo kujerarta cikin da'irar. A nuna mata harafi biyu a ce, “Ina ba?” Dokar hana nuna wariya ga masu nakasa, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba ta haƙƙin ilimi kyauta har sakandare. Ki leƙa makarantar masu buƙata ta musamman ta A.A. Raji da ke nan Sakkwato ki ji abin da za su iya yi mata, ki tafi da allon a hannu don malamai su ga yadda ake tambayarta.

Kafin a kashe ko sisi, akwai gwajin da za ki iya yi da waya. Tun 2024 kamfanin Apple ya sa sarrafawa da ido a cikin iOS 18, yana aiki daga iPhone 12 zuwa sama, a sashen saitin masu buƙata ta musamman. Ba za a rasa mai irin wayar a dangi ba. A Android kuma akwai manhajar Google ta kyauta mai suna Look to Speak, da ke amfani da kallon hagu da dama da sama. Ki jingina wayar a wuri ɗaya, kada a riƙe ta a hannu. Sai dai ki sani, waɗannan da kyamarar gaban waya suke aiki, ba su kai ta infirared ƙwarewa ba, kuma suna son kai ya tsaya cik. Idan ta iya, albishir ne babba. Idan ta kasa, wayar ce ta gaza, ba hukunci ba ne a kan yarinyar.

Yanzu maganar maigida. Gwal ɗinki naki ne, shari'a ta ba ki ikon dukiyarki, babu mai ja. Amma na'urar nan ba aikin mutum ɗaya ba ce. Wani zai saita ta, wani zai yi caji, wani zai zauna da yarinya ranar da kike wurin biki ko kike kwance. Idan kika saye ta a kan gardama, duk ranar da ta ƙi aiki za ta zama hujja a kanki, yarinya kuma tana ji. Ina ganin abin da maigidanki ke tsoro shi ne a sake ɗaga masa rai a banza, kamar yadda wataƙila aka sha yi da masu magani. Kada ki yi masa dogon bayani. Bayan wata biyu ko uku kuna aikin allo, ki miƙa masa shi ya riƙe da kansa, ke ki koma bayan yarinyar inda ba za ta gan ki ba. Ya tambaye ta, “Ina Inna? Ina mota? Ina ciwo yake?” yana sauya wa hotunan wuri. Gani ya kori ji. Wannan gwajin zai amfane ki ke ma, domin uwa takan ga amsa a inda take fatan ganinta, kuma gara ki san gaskiyar matakin da take kai kafin kuɗi su fita.

Ita kuwa Hajiya, uwar mijinki, ki bi ta da ladabi. Addu'a da tofi ba su hana neman magani, kuma ba wanda ya ce a daina su. Amma larurar nan ba iska ba ce. Rauni ne da ya sami ƙwaƙwalwa a kwanakin farko na rayuwa, ba ya yaɗuwa, kuma raunin kansa ba ya ƙaruwa. Ki sa hoton Hajiya a allon. Ranar da aka ce “Ina Kaka?” jikarta ta nemo ta da ido a gaban jama'a, za ki sami mai taya ki. Kuma don Allah ki sauke wa kanki laifin rashin zuwa asibiti da wuri. Gidaje da yawa suna ɗaukar shawarar jariri abin da zai wuce da kansa. Abin da za ki iya yi yanzu shi ne ki gaya wa kowace mai jego a danginku: jariri ya yi ɗorawa a kwanakin farko, asibiti a ranar, ba a jiran suna, kuma a raba kayansa da kafur. A asibiti fitila mai shuɗin haske ake sa shi a ƙarƙashinta, kuma tana hana irin wannan idan an zo da wuri.

To idan duk an bi waɗannan matakai, ido lafiya, zama ya daidaita, tana zaɓe cikin hotuna shida ko fiye ba tare da kuskure mai yawa ba, allon ya fara yi mata kaɗan, a nan zan ce miki saya, kuma ba zan kira shi asara ba. Amma ki sa wa mai kawowa sharuɗɗa. Ya faɗa miki sunan na'urar da lambarta a rubuce. Akwai Tobii Eye Tracker 5 mai araha da aka yi don masu wasan kwamfuta, ba don wannan aiki ba, kada a kawo miki ita a farashin PCEye, wadda ita ce ta masu nakasa. Ita PCEye sandar ce kawai, tana buƙatar kwamfuta mai Windows. Cikakkun na'urori masu allo da lasifika a haɗe kuwa kuɗinsu dubban daloli ne. Ki tambaya ko manhajar magana tana cikin kuɗin, irin su Grid 3 ko TD Snap, domin sau da yawa daban ake biyan su. Akwai ta kyauta mai suna OptiKey, amma ta fi dacewa da wanda ya riga ya iya rubutu. Ki nemi a yarda da gwaji ko mayarwa, ki kuma san wanda za a kira in ta lalace. In akwai ɗan'uwa a Ingila ko Amurka, ya bincika na hannu, sukan fi sauƙi sosai. Ki haɗa kuɗin maƙalin da zai riƙe kwamfutar daidai fuskarta, da na ƙaramar sola ko batir, a cikin lissafi tun farko.

Sannan yanayin garinmu. Hasken rana cike yake da infirared, yana rikita na'urar, don haka a cikin ɗaki za a yi amfani da ita, ba a tsakar gida ba, kuma kada ta fuskanci taga. Ƙurar hunturu tana rufe gilashin kyamarar, a rinƙa goge shi da ƙyalle mai laushi, a rufe ta in an gama. Zafin Afrilu da Mayu, da ke haura digiri 40, yana wahalar da kwamfuta da yarinyar duka, sai a koma aikin sassafe. Tozali mai yawa a ido yakan ruɗa wasu na'urorin, ki goge mata kafin a fara. Makonnin farko kuma wasa kawai za ta yi da ita, ta kalli balo ya fashe, ta kalli ganga ta yi ƙara, kada a ɗora mata jarrabawa.

Muryar da ke zuwa da manhajojin nan ta Turanci ce da wasu harsunan waje, amma suna ba da damar a sa hoton gida a kuma ɗauki muryar mutum. Kada ki sa muryarki. Ki samo yarinya sa'arta a dangi, mai Sakkwatanci irin na gidanku, ta faɗi kalmomin ɗaya bayan ɗaya a ɗauka: “Inna”, “Baba”, “ina son hura”, “bar ni”, “mi kuka ce?” Ki ajiye allon kwalin ko bayan na'ura ta zo, ki rataye shi a jikin kujerarta, domin shi ne zai bi ta asibiti da gidan Kaka da duk ranar da babu caji.

Allah ya ba ta lafiya, ya buɗe mata hanya, ya daidaita kanku a kan abin da ya fi alheri.